Awon Kogin Haɗejiya: Sani Ya Fi Tsada Ko Rashin Sani?

Kowace shekara in an zo tsara kasafin kuɗi, akwai wani ɗan layi a takardun hukumomin ruwa wanda jan alƙalami ya fi saurin hawa kansa. Layin nan kuwa shi ne na kuɗin awo da ƙididdiga, watau alawus na masu karanta ma'aunin ruwa a bakin kogi, da man motar masu zagayawa duba su, da gyaran na'urori, da buga rahoton shekara. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Ba a tara jama'a a yi bikin buɗe littafin ƙididdiga, ba a kuma kafa allo da sunan wani babba a gindin sandar awon ruwa. Saboda haka in kuɗi ya yi ƙaranci, sai a ce awo ya dakata tukuna.

A ganinmu, a ƙasar Haɗejiya babu kuɗin da ya kamata a yi dogon tunani kafin a taɓa shi kamar wannan. Amma kuma ba mu ce duk abin da aka kira ƙididdiga ya cancanci a zuba masa dukiyar jama'a ba. Abin da muke so masu karatu su duba tare da mu, musamman ma'aikatan gwamnati da ɗalibai, shi ne yadda za a ɗora kuɗin awo a sikeli ɗaya, a ɗora amfaninsa a ɗaya, a ga wanda ya rinjaya.

Da farko ya kamata mu san kogin da muke magana a kansa. Kogin Kano da Kogin Challawa su ne suka haɗu kafin Wudil suka zama Kogin Haɗejiya. Daga nan ya ratsa ƙasar Ringim da Taura da Miga da Auyo har ya iso garin Haɗejiya. Bayan ya wuce garin sai ya rabu uku, akwai tsohon kogin, akwai Burum Gana, akwai kuma Marma wanda ya nufi tafkin Nguru. Ruwan da ya tsira daga fadama yana haɗuwa da na Kogin Jama'are, su zama Kogin Yobe wanda ya bi ta Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano. A 1992 aka gama ta Challawa. Waɗannan madatsu biyu su ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗejiya. Tun daga lokacin nan kogin ya daina bin damina kaɗai, ya koma yana bin shawarar ɗan'adam. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1976, ita ke da alhakin yanke wannan shawara.

To, mutum nawa ne ke jiran abin da za a yanke? Birnin Kano yana ɗibar ruwan sha daga kogunan nan ta matatun Challawa da Tamburawa. Manoman rani na shirin Kogin Kano, a wajen Kadawa da Kura, suna jiran rabonsu. Haka nan manoman shirin Kwarin Haɗejiya da ke Auyo, wanda aka gyara da rancen Bankin Duniya aka ƙaddamar a farkon 2023. Bayan su kuma ga manoman shinkafar fadama, ga masunta, ga Fulani makiyaya masu sauko da shanu da rani, ga mutanen Guri da Kiri Kasamma da Birniwa, har zuwa Nguru da Gashuwa. Wanda ke buɗe ƙofar dam a Tiga yana raba abincin waɗannan mutane ne duka, ko ya sani ko bai sani ba. In ya saki ruwa da yawa, gonaki su nutse. In ya ƙuntata, fadama ta bushe, kifi ya ƙare, rijiyoyi su ja baya. Mutumin da aka ɗora wa rabo irin wannan, aka kuma hana shi mudu, lalle an zalunce shi, an kuma zalunci waɗanda zai raba wa.

Magabatanmu a aikin gwamnati sun fahimci wannan. Tun shekarun 1960 ake karanta ma'aunin ruwa a wurare irin su Wudil da Gashuwa, kuma hukumar WRECA ta tsohuwar Jihar Kano ta riƙe aikin, tana tara alƙaluman cikin littattafai. Da waɗannan alƙaluma masana suka riƙa lissafin ruwan kogin. Daga baya, da tattalin arzikin ƙasa ya tsuke a shekarun 1980, aikin awo ya shiga raguwa. Wasu tashoshi aka daina zuwa duba su, wasu sanduna ruwa ya tafi da su ba a mayar ba, littattafai suka cika da giɓi. Abin da ya sa wannan asara ta fi ciwo shi ne ba ta da ranko. Gadar da ta karye ana sake gina ta baɗi, amma ruwan da ya wuce bara ba a auna ba, babu kuɗin da zai dawo da shi a auna.

Amfanin awo kuwa mun gan shi a nan gida. A 1987 aka kafa shirin kare fadamar Haɗejiya da Nguru, wanda ya riƙa zagaya fadamar da ƙaramin jirgin sama yana auna faɗin ƙasar da ruwa ya malale. Da aka gwada da bayanan da, sai aka ga malalen da ya haura murabba'in kilomita 2,000 a 1969 da 1974 ya koma ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990, saboda fari da kuma datse kogunan. A daidai wannan lokaci masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, suka lissafa abin da fadama ke samarwa na noma da kifi da itace, suka gwada shi da abin da shirin noman rani na Kogin Kano ke samarwa. Suka tarar cewa in aka bi ta yawan ruwan da kowanne ke sha, fadama ta fi riba nesa ba kusa ba. Kafin wannan lissafi, masu tsara ayyuka da yawa suna ɗaukar ruwan da ya malala fadama tamkar ruwan da ya zube a banza. Bayan sa kuwa, duk wanda zai yi maganar madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, wadda har yanzu ba a gama ba, tilas ya faɗi abin da zai sami mutanen ƙasa da ita. Kuɗin da aka kashe wajen wannan bincike ɗan kaɗan ne in aka gwada da kuɗin gina dam guda, amma ya sauya yadda ake muhawara a kan dukan kogin.

Yanzu sai mu duba ɗaya ɓangaren sikelin, watau abin da rashin sani ke jawowa. A daminar 2001 ruwa ya yi mummunar ɓarna a Jihohin Kano da Jigawa. A watan Satumba na 2010 aka sake yin wata, har jami'an Jihar Jigawa suka ce sakin ruwan Tiga da Challawa ne ya raba ɗimbin jama'a da gidajensu, jami'an hukumar kogunan kuma suka musa, suka ce yawan ruwan sama ne. Ba mu tsaya yanke hukunci tsakaninsu ba. Abin da muke nunawa shi ne, da akwai alƙaluman tsayin ruwa a dam da na Wudil da na Haɗejiya, ana bayyana su ga kowa kullum, da gardamar ba ta yi tsawo ba, da kuma gargaɗi ya riga ruwa isa ƙauyuka. A 2020 da 2022 ma ambaliya ta sake cinye gonaki da gidaje a masarautar Haɗejiya da maƙwabtanta, kowace shekara kuma sai an fitar da kuɗin agaji masu yawa.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta zuwa dare ɗaya. A da kogin yakan ƙafe da rani, ƙasa ta bushe, iska da rana su kashe ciyawa. Da aka koma sakin ruwa daga madatsu rani da damina, sai ciyawar kacalla ta sami wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru a gindinta, ruwa ya bar wasu rassan kogin ya koma yana cunkusuwa a Marma. Gonakin da a da ake nomawa suka zama tafki, wasu kuma da ke jiran ruwa suka zama fako. Tsuntsayen jan-baki suka sami mafaka cikin kacallar suna cinye hatsi. Wannan sauyi ya ɗauki shekaru yana tafiya a hankali, kuma irin sa ne awo na yau da kullum a bakin kowane reshe yake tonawa tun yana ƙarami. Yau Gwamnatin Jigawa tana kashe kuɗi a kan injunan yasar kogi masu tafiya cikin ruwa don buɗe hanyoyin da suka toshe. Aiki ne mai kyau, amma in ba a auna ruwan kafin yasa da bayanta, ta yaya za a san wurin da injin ya yi amfani da wurin da ya ƙona mai kawai?

Kada kuma mu manta da lafiyar madatsun kansu. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta fashe a Jihar Kano. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na birnin Maiduguri. Madatsar da aka yi da ƙasa, irin Tiga da Challawa, takan nuna alamun ciwo kafin ta faɗi: tsiyayar ruwa a gindinta takan ƙaru, matsin ruwa cikin jikinta yakan hau, wani wuri yakan zauna. Akwai na'urorin da ke nuna waɗannan alamu, amma sai an sami mai karanta su a kan lokaci, da mai duba abin da aka karanta.

Masu riƙe da baitulmali za su ce, kuma da gaskiyarsu, kuɗi ba su da yawa, ga asibiti ga makaranta suna jira. Za su ƙara da cewa sun sha ganin an kashe dukiya a kan bincike wanda ya ƙare cikin kabad, ƙura ta rufe shi. Sun ga an sayo na'urori masu tsada daga ƙasashen waje, masu aiko da bayani da kansu, aka kafa su, bayan shekara biyu batir ya mutu, ko ɓarayi suka kwance farantin hasken rana, babu kuma wanda ya san gyaransu. Sun ga hukumomi uku suna auna abu ɗaya a wuri ɗaya, kowace tana ɓoye wa 'yar'uwarta. Wannan ƙorafi ba abin yarwa ba ne. Ƙididdigar da ba wanda ya yi aiki da ita ɓarna ce, kome kyaun takardar da aka buga ta a kai.

Saboda haka muke ba da shawara cewa kafin a amince da kowane kuɗin awo, ko a soke shi, a yi tambayoyi uku. Ta farko, wace shawara ce wannan adadi zai sauya? In sanin sa ba zai sa a buɗe ƙofa ko a rufe ba, ba zai sa a kwashe mutane ko a bar su ba, ba zai sa a gyara ko a jinkirta ba, to, ba a bukatarsa yanzu. Ta biyu, in aka yi kuskure saboda rashinsa, nawa za a yi asara, kuma wa zai ɗauke ta? Ta uku, bayan an kafa, wa zai riƙe shi shekara goma, kuma daga wane aljihu? Duk awon da ya tsallake tambayoyin nan uku, soke shi garin neman gira ne a rasa ido. Wanda ya kasa kuwa, a bar shi ba tare da jin kunya ba.

In muka gwada wannan ma'auni a kan Kogin Haɗejiya, abin da zai fara tsallakewa shi ne mafi arha duka, watau sandar awo mai lambobi da ake kafawa a jikin gada ko a gaɓar kogi, da mutumin garin da zai karanta ta safe da yamma ya aika ta wayar hannu. Ruwan da ya wuce Wudil yana yin kwanaki kafin ya iso Haɗejiya. Waɗannan kwanaki su ne dukiyar, gama cikinsu ake iya girbe abin da ya nuna, a kwashe hatsi daga rumbu, a kora dabbobi tudu, a ƙarfafa jinga. Wani rahoto na duniya da aka fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa gargaɗin awa 24 kaɗai yana iya rage ɓarnar bala'i da kashi 30 cikin 100. Mu kuwa kogin ya ba mu fiye da kwana ɗaya, in dai akwai mai duba shi. Ba a bukatar tashoshi ɗari. Tashoshi kaɗan a wuraren da suka dace, watau a madatsun biyu, da Wudil, da madatsar Auyo, da gadar Haɗejiya, da bakin kowane reshe, da Gashuwa, waɗanda ba a fashin karanta su, sun fi tashoshi masu yawa da ake tunawa da su sai ruwa ya zo.

Sai dai ɗalibai su lura da wani abu. Sanda tana nuna tsayin ruwa ne kawai, ba ta nuna yawan da ke wucewa. Kafin a mai da tsayi ya zama yawa, sai ma'aikata sun shiga kwalekwale sun auna faɗin kogin da zurfinsa da saurin gudunsa, a lokacin cika da lokacin raguwa, su fitar da jadawali. A kogin da yashi ke cikewa, kacalla kuma ke toshewa, wannan jadawali yana tsufa da sauri. Tsayin da a da yake nufin ruwa mai yawa yana wucewa, yau yana iya nufin ruwa ne ya tsaya don ya rasa hanya. Saboda haka kuɗin sabunta jadawalin nan wajibi ne, in ba haka ba sai a yi ta tara lambobi masu ɓatar da mai karanta su.

Wani awon kuma zamani ya sauƙaƙa shi. Abin da a da sai an ɗauki hayar jirgin sama, yau ana ganinsa daga hotunan tauraron ɗan'adam. Tun 2008 Amurka ta buɗe hotunan Landsat kyauta, kuma tun 2014 Turai ke da tauraron Sentinel-1 wanda gajimare ba ya hana shi ganin ruwa a ƙasa. Abin da za a biya shi ne horar da ma'aikaci da kwamfuta da intanet. Amma tauraro ba ya maye gurbin sanda, gama sai da awon ƙasa ake tabbatar da abin da ya hango. Shi kuwa awon lakar da ta taru cikin madatsu yana da tsada, kuma laka ba ta sauyawa dare ɗaya, don haka ya isa a yi shi bayan 'yan shekaru. Barinsa gaba ɗaya ne kuskure, domin dam ɗin da ya haura shekara 50 ba lalle ne yana ɗaukar ruwan da aka rubuta masa ranar da aka gina shi ba.

Haka lissafin yake a ruwan famfo na garuruwa. Sanya mita a kowane gida a unguwar da ruwa ke zuwa jefi-jefi ɗora kaya ne a kan jakin da bai tashi ba. Abin da ya kamata a fara da shi shi ne babbar mita a bakin kowace rijiyar burtsatse da kowane tanki, da littafin awannin da injin ya yi aiki da man da ya sha. Da waɗannan kaɗai hukuma za ta gane inda ruwa ke zurarewa da inda mai ke ɓacewa. In ruwa ya samu sosai, sannan a zo ga mitar gidaje.

Bayan an auna kuma sai a bayyana. A tsibirin Rauda da ke Alƙahira har yau akwai ma'aunin Kogin Nilu da aka gina a shekarar 861, zamanin Halifa Mutawakkil. Da shi ake sanin ko shekara za ta yi albarka, a kansa ake yanka haraji, kuma akan yi shelar tsayin ruwan a cikin gari. Mutanen da suka rayu shekara fiye da dubu da suka wuce sun gane cewa labarin kogi haƙƙin masu zama a bakinsa ne. Mu ma muna da inda za mu rataya wannan aiki. A 2006 Jihohin Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato suka amince da kafa asusun haɗin gwiwa don kula da wannan kwari. Akwai hukumar NIHSA ta tarayya, mai fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, akwai kuma NiMet mai hasashen damina. Hasashen shekara yana gaya wa ƙaramar hukuma ta yi shiri, amma manomin Auyo yana bukatar ya san abin da ya wuce Wudil jiya.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are su riƙa bayyana tsayin ruwan Tiga da Challawa da yawan da ake saki, kullum a lokacin damina. Muna kira ga Gwamnatin Jigawa ta keɓe wa awon ruwa kaso tsayayye cikin kuɗin kowane aikin ruwa, wanda ba za a karkatar da shi ba, ta kuma sa gidajen rediyo su riƙa karanta alƙaluman da Hausa bayan labaru, yadda ake karanta farashin hatsi. Hakimai da dagatai da sarakunan ruwa a sanya su cikin jerin waɗanda saƙo zai fara isa gare su. Tsofaffin littattafan awo da ke warwatse a ofisoshin Kano da Dutse a tattara su a shigar cikin kwamfuta tun gara ba ta gama da su ba.

Ga ma'aikata kuwa, muna tunatar da su cewa cike gurbi da lambar ƙarya ya fi barin gurbin illa, domin gurbi kowa ya gan shi ya san babu, amma ƙarya injiniya zai ɗauka ya yi gini a kanta. Wanda kuma ya hana mai karanta sanda ɗan alawus ɗinsa wata shida, kada ya yi mamaki in aka cika masa littafi daga gindin bishiya. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗejiya, su sani ga fagen bincike nan a ƙofar gidansu, kuma alƙaluman shekara guda da aka tara da gaskiya a bakin Marma sun fi kundin da aka kwafo daga littattafan wasu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Rani shi ne lokacin kafa sanduna, da biyan masu karanta su, da shirya hanyar da saƙo zai bi daga Tiga zuwa ƙauyen ƙarshe a ƙasar Guri. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, amma sai an sami wanda ya gani ya faɗa tukuna. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, ya kuma kiyashe mu da sharrin ruwa, ya ba mu albarkarsa.